Rubutun Binta da na Mijinta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan Gumel lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tambayi yadda muke gane mai gaskiya a karatun malamai daga nesa, tunda ba ma ganin ɗalibai, sai takardunsu da ke zuwa a motar kasuwa. To, ga labari. Binta 'yar Baffa da mijinta, hedimasta a wani ƙauye bayan Ɗanzomo, dukansu ɗalibanmu ne. Aikinsu ya zo da rubutun hannu iri ɗaya. Nan take shugabanmu ya ce a kori Binta, wai maigida ke yi mata. Hujjarsa ita ce mutumin yana da babbar riga da babur.

Na roƙa aka kira su aka zaunar da su a aji don su yi rubutu a gabanmu, kowa da takardarsa. Binta ta cika shafi huɗu. Hedimasta ya rubuta sunansa kawai, ya ce ya manto tabarau.

Ba a kori kowa ba. Shugaba ya ce ba a tozarta babba.

Ka gaida kowa. Ka sa Binta a addu'a, domin har yau maigidan bai yi mata magana ba.

Ƙanwarka,
Rabi