Gilashin Baba a Kan Sabuwar Kyamara

Juma'a, bayan isha'i

Yau na ɗaura tsohon gilashin kyamarar Baba a kan sabuwata, irin ta zamani marar madubi a ciki, da zoben haɗa su da abokina Sani ya sayo mini a Kano. Ni da shi muka shiga kara, kasuwar shanu. Kyamarar Sani ita ke saita kanta, ni kuwa sai na murɗa da hannu. Kafin in daidaita, bijimai uku sun wuce, Sani yana ta yi mini dariya. Amma hoton Bafulatanin da na samu, har saƙar malfarsa ta fito.

Na kai wa Baba hoton. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya karɓi gilashin yana murɗawa a hankali.

Ya ce, "Ka ji inda ya yi laushi? Daidai nisan da nake tsayar da mutane ke nan, lokacin da nake sana'ar hoto."

Gobe daga wurin nan mai laushi zan fara murɗawa.