Atamfar Kansila

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, daga gidanki na Angwan Iya. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau ke nake fara kawo wa ƙara.

Mama, kansilanmu ya zo gida ranar Asabar. Shi ɗin dai, ɗan mai gyaran rediyon nan na Tudun Ƙofa, wanda ranar jana'izarki ya aiko a ce mana yana mitin a Abuja. Tun daga ƙofa ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa yana ce mini Mama. Da shekara biyu kacal na girme shi.

Kin ga ni aka ɗora a kujerarki ta shugabar zumuntar mata a coci. To, atamfa ya kawo mana turmi-turmi, wai anko. Da na warware ɗaya, sai ga fuskarsa tana murmushi a kowane yadi. So yake mu ɗaura, mu ɗauki tulunan kiɗanmu mu je filin kamfen, mu rera waƙoƙin coci da sunansa a cikin amshi.

Na tuna shekarar da wani ɗan siyasa ya kawo miki gishiri da sabulu. Kika ba shi ruwa, kika yi masa addu'a, kika sa aka mayar masa da kayansa cikin mota. Kika ce, "Ladi, duk ranar da mai mulki ya tuna hanyar gidanki, ki tambaya wata nawa ya rage zaɓe."

Sai dai ke tuwo kike sayarwa, ba mai iya canja miki wurin aiki. Ni kuwa malamar firamare ce. Yana sa takalminsa zai tafi, ya ce, kamar yanzu zancen ya faɗo masa, "Af, Malama, na ga sunanki cikin waɗanda za a tura ƙauye. Kada ki damu, ai muna tare."

Ban sani ba ko akwai takardar, ko a bakin ƙofata ya ƙirƙiro ta. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Ga yara uku, ga Baba yanzu ba ya iya tashi sai na ɗaga shi.

Jiya bayan sujadar Lahadi na loda atamfar a keke napep na mayar. Matar kansilan ce ta karɓa, ko kujera ba ta ba ni ba. Yau da safe hedimasta ya ce in gan shi a ofis idan an tashi, bai kuma kalli idona ba.

Allah ya ƙara miki hutawa, Mamana. Ni kuma ya ba ni ko da rabin zuciyarki, in shiga ofishin nan da ita. Amin.

Ni ce 'yarki,
Ladi