Jirgin da Baba Ya Ƙi

Litinin. Aikin farko: share rumfar jirage.

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti, ya yara? Na rubuto ne tunda ba kya ɗaga waya.

Baba zai sa mini hawan jini. Ɗalibanmu na koyon tuƙi sun gama da ƙaramin jirgi, kuma ba kamfanin da zai ɗauki matuƙin da bai koyi mai inji biyu ba. In ba mu sayi irinsa kafin ƙarshen zango ba, makarantar da ke ƙetaren fili za ta kwashe su.

Uku na samo. Na farko tsoho ne amma kayan gyaransa a wadace suke; Baba ya ce warin mai yake. Na biyu ba ya shan mai. Ya ce kujerarsa ta wanzami ce. Na ukun makanike ya kwana biyu a cikinsa bai ga aibu ba. Baba ya zagaye shi sau ɗaya ya ce, "Wannan fuskar marowaci gare shi."

Fuska, Yaya! Jirgi!

Ko ni ne ban iya zaɓe ba? Shi ya shekara talatin a sama, ni daga ofis sai rumfa. Ki yi masa magana, ke yake ji.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Kai dai takarda kake karantawa, ba ka karanta mutum. Da Baba ya zo wancan watan wai ganin jikoki, asibitinmu ya sa na kai shi. Gwiwarsa ta hagu ta cinye. Ya ce kar in faɗa, to na faɗa.

Shi da bakinsa ya yi mini bayani: a darasin mai inji biyu malami ne ke kashe inji ɗaya da gangan, jirgi ya karkace, in ɗalibi ya rikice sai malami ya danne feda da ƙarfin ƙafa ya miƙar da shi. Shi ne kuma malamin. Da wace ƙafar? Ko ɗari ka kawo zai sami abin kushewa.

Kar ka ce ni ce.

Yayarka

Alhamis.

Yaya,

Na gaishe ki, ko da yake haushinki nake ji. Kin sani, kika bar ni ina bin dillalai kamar mai neman ɓataccen akuya. Na kuma ji haushin kaina. Kullum ina ganin yana dafa fiffike kafin ya hau, na ɗauka so ne.

Jiya na shirya abin da zan ce masa, har na maimaita a mota. Da muka isa wurin jirgi na uku sai duk ya ɓace mini. Cewa kawai na yi, "Baba, ko za ka hau ka gwada fedar?"

Ya dube ni ya ce, "Wannan mai bakin ganga ta rubuto maka ke nan."

Ya hau dai. Ya zauna a kujerar malami, ya danna ta dama, ya danna ta hagu. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuma na yi ta duba tayar da ba abin da ya same ta.

Can ya ce, "Lafiyarsa lau. Saye shi. Ka nemo wanda zai zauna nan, amma ni zan gwada mutumin, ba kai ba." Da na miƙa hannu in sauko da shi, ya buge hannun.

Yau bai zo rumfa ba.

A gaida yara.

Auta

Na gobe, waɗanda ban gama ba:
Kiran mai jirgi.
Cigiyar sabon malami.
Gaya wa ɗalibai.
Biyawa ta gidan Baba da sassafe. In ce na zo me?