Mutanen da Ka Auna Numfashinsu

Unguwar Limawa,
Dutse, Jihar Jigawa.
19 ga Nuwamba, 2000.

Zuwa ga ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rabi'atu da yara. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya ba ku juriyar sanyin Ingila. Mu nan mun gode Allah. Inna tana nan lafiya, sai dai gwiwa da ke hana ta zuwa ko'ina, yanzu ma a zaune take sallah. Gero ya yi kyau bana a Miga, Kawu Falalu ya aiko mana da rabonmu. Zulfa ta shiga aji uku na sakandare, tsawonta ya kusa nawa. Ni kuma ina nan makarantar firamaren da ka sani. Azumi saura mako guda, Allah ya nuna mana.

Saƙonka ya iso tun wata biyu da suka wuce, ka yi mini afuwar jinkirin amsa. Na ga takardun nan shafi uku da ka jera sunayen maƙalolin da ka wallafa, guda goma sha bakwai, da kwafen biyar ɗin da ka rubuta a kan masu fasa dutse na nan garin. Na zauna gaban Inna na karanta mata jerin ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa gwargwadon Turancina. Ba ta gane komai ba sai sunanka da na marigayi Baba, amma duk inda na ambace su sai ta ce in maimaita. Ta sa na naɗe takardun a sabon ɗankwali ta ajiye a ƙasan adakarta. Wallahi ni ma na yi farin ciki, don na san wahalar da ka sha kafin ka kai nan. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Abin da ya hana ni amsa da wuri shi ne aikin da ka ba ni a ƙarshen wasiƙar. Ka ce jami'a na duba batun ƙara maka girma, kuma kana bukatar maƙala guda a kan yadda mutanen da ka auna suka kasance bayan shekara shida. Ka ce in nemi Malam Choji na ɗakin gwaji mu bi rajistar sunayensu, mu aiko maka da adadin waɗanda suka rasu da waɗanda suka daina aiki. Na yi aikin. Amma ba zan iya aiko maka da lambobi kawai ba, sai na gaya maka abin da na gani.

Ka tuna yadda aka fara a shekarar casa'in da huɗu, lokacin da gine-ginen sabuwar jiha suka sa tifofi ba sa hutawa a bakin dutsen bayan gari. Ka zo da na'urar nan da ake hurawa, mutane suka ƙi ko kusantarta. Maigidana, Baban Zulfa, shi ne shugaban masu fasa dutsen a lokacin. Shi ya fara sa bakinsa ya hura a gaban kowa, ya ce musu kai ƙanen matarsa ne, ɗan gida, ba za ka cuce su ba, kuma in ka gano abin da ke sa su tari za ka dawo ka faɗa musu. Da wannan maganar tasa mutum sittin da uku suka jeru, suka hura, suka ba da kakinsu a kwalba, aka kai wasu Kano aka ɗauki hoton ƙirjinsu. Kowa aka ba shi lamba, shi ne lamba ɗaya.

Malam Choji, ma'aikacin ɗakin gwajin da ya taya ka aikin, ba ya Dutse yanzu. Tun bayan rikicin Kaduna na farkon shekara matarsa Mary ta kasa samun natsuwa, da aka ƙaddamar da shari'a a nan kuma danginsu suka matsa musu su koma gida. Babu wanda ya taɓa su, shi da bakinsa ya faɗa, amma ya nemi canjin aiki suka koma Filato. Kafin su tafi ya zo har gida da rajistar da ke nuna sunan mai kowace lamba, ya ce shekara shida yana ajiye da ita yana jiran ka aiko. Saƙonka ya iso ana saura kwana huɗu su tashi, don haka na roƙe shi ya karanta mini maƙalolin biyar da Hausa. Ya zauna a zaure ya yi mini bayani. Ya ce ka gano cewa garin dutsen da injin niƙa ke tayarwa yana shiga huhu ya zauna, huhun ya sandare, kuma ba ya fita har abada. Ya ce ka rubuta cewa da za a riƙa yayyafa ruwa a bakin injin, a ba su abin rufe hanci na kirki, da an rage cutar ƙwarai. Na tambaye shi yaushe ka buga wannan, ya duba ya ce shekarar casa'in da shida. Misbahu, shekara huɗu ke nan wannan magana tana rubuce a Ingila, mu nan ba wanda ya taɓa jin ta.

Na ɗauki rajistar na bi gida gida, ranakun Asabar da Lahadi, har Garki da Ringim na je neman waɗanda suka koma garuruwansu. Cikin sittin da ukun, tara sun rasu. Goma sha bakwai ba sa iya ɗaga guduma, wasunsu ko masallacin ƙofar gida sai sun huta a hanya. Shida ban same su ba. Sauran suna nan a bakin dutsen, fuska fari fat kamar yadda ka bar su. Lamba goma sha huɗu Ɗan'inna ne, mai barkwancin nan da ya ce maka in ya hura da ƙarfi na'urarka za ta fashe. Ya rasu bara da damina. Wata takwas yana shan maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, don kowa ya ɗauka ita ce kawai ke damunsa. Lamba talatin da ɗaya Ahmadu ne, wanda ya riƙa ɗaukar maka jaka. Matarsa ta ce har ya cika yana zaune ne jingine da bango, don in ya kwanta numfashi ba ya shiga. Ta tambaye ni ko likitan ya aiko da sakamakon ne. Na yi mata ta'aziyya na fito.

Akwai abin da ban so ka ji ba, amma gara ka ji daga bakina. Magana ta bazu a unguwanni cewa na'urar da suka hura ce ta zuƙe musu numfashi, kai kuma ka kai wa Turawa numfashin, shi ya sa aka ba ka aiki a can. Ba na ganin laifinsu sosai. Sun ga waɗanda suka hura suna mutuwa, sun ga wanda ya zo da na'urar bai dawo ba, kuma ba wanda ya faɗa musu wani dalili daban. Yayan Ɗan'inna, Malam Mailafiya, ya tare ni a hanya ya ce tun da yanzu shari'a ta zo zai kai ƙara gaban alƙali, a tambayi Baban Zulfa abin da aka ba shi ya miƙa 'yan'uwansa. Dattawa sun ba shi baki ya haƙura, amma da aka yi bikin 'yarsa ba a gayyace mu ba. Matan da ke shigo mini hira da yamma sun ragu. Inna ba ta sani ba, na hana kowa faɗa mata.

Na yi tunanin ko takardunka za su yi abin da bakina ya kasa. Na karɓo su a wurin Inna da dabara, na kai wani ofishi da aka ce su ke kula da irin wannan. Sau uku ina zuwa kafin na ga mai ofishin. Ya karɓe ni da mutunci, ya jujjuya jerin maƙalolin yana gyaɗa kai, ya ce abin alfahari ne ɗan jiha ya kai wannan matsayi, har ya kira abokin aikinsa ya nuna masa sunayen mujallun. Da na zo kan batun ruwa da abin rufe hanci, sai ya ce masu fasa dutse ba ma'aikatan gwamnati ba ne, in ga mai injin. Mai injin kuma ya aiko yaronsa ya ce mini tankar ruwa ba ta hawa wurin, wanda ya ga aikin ya fi ƙarfinsa ya bari, akwai masu jira. Gaskiya ya faɗa. Tun da aka gama girbi sababbin mutane ke sauka daga ƙauyuka, na ƙirga goma sha ɗaya a mako guda, dukansu majiya ƙarfi.

Baban Zulfa yana cikin goma sha bakwai ɗin nan. Na ɓoye maka a wasiƙun baya don shi ya hana ni faɗa. Tun bayan babbar sallah bai hau dutsen ba. Ya rame, rigunansa sun yi masa yawa, in zai yi alwala sai na riƙe masa buta. Da na gaya masa abin da Malam Choji ya karanta, sai ya tambaya ko a cikin takardun akwai maganin wanda abin ya riga ya kama. Na ce babu. Ya ce to Alhamdu lillahi, aƙalla yanzu ya san ba na'urar ba ce, don shi ma a 'yan watannin nan ya fara tunanin ko da hannunsa ya ja mutane zuwa halaka. Bai zage ka ba ko sau ɗaya. Ya ce kai yaro ne mai ƙoƙari, aiki ne ya yi maka yawa. Da ya ga ina kwafe lambobin da zan aiko maka, ya ce in gaya maka kada ka yi gaggawar bugawa, ka bari sanyi ya wuce, don lissafin zai canza.

Ga lambobin nan na haɗo, na sa sunan kowa a gefen lambarsa ko da ba ka bukata. Ka yi maƙalarka, ina yi maka fatan ƙarin girman. Abu ɗaya nake roƙo. Ka rubuto shafi guda da Hausa, da hannunka, ka ambaci sunayen mamatan, ka faɗa wa sauran abin da ka gani a ƙirjinsu da abin da ya jawo shi. Zan ba liman ya karanta bayan sallar Juma'a. Ban sa ran zai hana kowa hawa dutsen ba, don ba su da wata sana'ar, kuma ba zai dawo wa Baban Zulfa da numfashinsa ba. Ina so ne kawai a wanke shi a idon mutanensa yana da rai. Wasiƙa tana ɗaukar mako uku daga nan zuwa can, uku daga can zuwa nan. Ban sani ba ko muna da mako shidan, don haka ranar da ta same ka ka zauna ka rubuta.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Kawu Falalu da iyalinsa suna gaisuwa, haka Zulfa da ƙannenta. Ka gaishe mini da Rabi'atu, ka shafa mini kan yara. Baban Zulfa ya ce a gaishe ka da kyau, kuma ka yafe masa in ya taɓa saɓa maka. Ku sa mu a addu'a cikin watan nan mai zuwa.

Wassalam.

Yayarka,
Huseina