Sunan da Ya Tafi Makaranta

Kano, 6 ga Satumba, 1976

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna, da Yaya Safara'u da yara, da dukan mutanen Darki. Ciwon ƙirjin da ya koro ni daga Amurka ya yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, wata matsala ce ta taso. Na kai takarduna jami'a a nan Kano don in ƙarasa karatun noman rani da na faro a can. Ƙa'idarsu ita ce, duk darasin da ɗalibi ya ci a wata jami'a, idan ya yi daidai da nasu, sai su karɓa, ba sai ya maimaita ba. Shi suke kira kiredit, nawa kuwa na shekara biyu ne cur. Sun duba darussan sun ce ba laifi. Sai magatakarda ya jera takardun a tebur ya ce, "Malam, ai mutum biyu nake gani a nan." Ta sakandare tana ɗauke da Halliru Gidaɗo, ta Amurka kuma Haladu Gidaɗo. Ka san wajen yin fasfo na ce a sa sunana na yanka, Turawa kuma wasiƙar ma'aikatar ilimi ta ishe su shaida, ba su damu da bambancin sunan ba.

Idan ban kawo shaida ba kafin kwamiti ya zauna ran talatin ga wata, aji ɗaya za su mayar da ni. Roƙona ƙarami ne. Ka je kotu a Wudil, a matsayinka na babba a gida, ka yi rantsuwa cewa Halliru da Haladu mutum ɗaya ne.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Haladu

Darki, 11 ga Satumba

Haladu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya yi kyau bana, Inna tana sa maka albarka. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne. Da hannuna na yi don ba na so wani ya ji wannan magana.

Ƙarami, in ji ka? Kai, lallai Amurka ta ƙara maka ƙarfin hali! In dafa Alƙur'ani in ce ni da kai mutum ɗaya ne? To wanda ya wuni a gona yau rana tana dukansa wane ne, aljani?

Bari in tuna maka, don kai ɗan mitsitsi ne a lokacin. Shekarar da dogarai suka zo ɗibar 'yan makaranta, sunana dagaci ya bayar. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce ba zai ba da mai riƙe masa fartanya ba. Ya cusa ni a rumbu, ya kamo hannunka ya ce musu ga Halliru. Duk gida aka yi ta cewa na tsira. Ni kuwa kuka nake yi a cikin rumbun nan, don wallahi ina son zuwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna.

Sunana ya tafi makaranta ya bar ni, ban ce uffan ba. Yanzu kuma in je in rantse babu ni gaba ɗaya? A'a, wannan kam ba zan iya ba. Raina ya ɓaci, gara in faɗa maka.

Allah ya ƙara sauƙi.
Yayanka, Halliru

Kano, 17 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ka da kowa da kowa. Sau uku na karanta wasiƙarka, kunya ta ishe ni. Shekara goma sha biyu ina amsa sunanka a aji, ban taɓa tambayar ka ko kana so ba. Ka yafe mini.

Na koma wurin magatakarda na ba shi labarin yadda yake. Ya ce ƙa'ida ta yarda da gaskiya, amma sai mai sunan ya faɗe ta da bakinsa a gaban alƙali, an rubuta, an buga hatimi. Wannan kuwa tona asirin Baba ne a gaban mutanen Wudil, ga shi yana kwance a ƙasa. Ba zan sa ka ba. Zan koma aji ɗaya. Shekara biyun tana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma ba ta kai abin da ka rasa ba.

Naka, Haladu

Darki, 24 ga Satumba

Haladu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wa ya ce ka koma aji ɗaya? Ni rantsuwar ƙarya na ƙi, ban ƙi ka ba, sarkin saurin fushi da kai!

Na karanta wa Inna wasiƙarka, da na gama kuma na gaya mata zancen kukan rumbu. Sai ta ce, "Ai na ji ka. Shi ma Malam, babanku, ya ji ka, kuma abin bai bar ransa ba har ya rasu. Je ka faɗa, ka sauke masa."

Ran Litinin na hau keke sai Wudil. Ina shiga kotu na tarar da mutane maƙil. Na daure na faɗi komai, har rumbun. Ina jiran a yi salati, sai na ga mai rubutun kotu, Malam Ƙasimu, ya ajiye alƙalami yana dariya har da hawaye. Wai shi ma sunansa na yanka Labaran ne, Ƙasimun gaskiya yana can kasuwar kara yana dillancin shanu! Wani dattijo a baya ya ce su ma haka aka yi a Kausani. Alƙali ya tsawatar, ya sa na rantse cewa ni ne Halliru, amma wanda ya zauna a aji ya ci jarrabawa ƙanina ne Haladu. Da zan fita ya yi wa Baba addu'a, kowa ya shafa.

Ga takardar nan na ba direban motar Kano. Kada ka bari ta jiƙe.

Yayanka, Halliru

Kano, 2 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma albishirinka! Kwamiti ya zauna, sun karɓi darussana duka, ban da guda ɗaya, na koyon iyo, wai babu irinsa a nan. Na san za ka ce ɗan bakin kogin Wudil ne ya je har Amurka koyon iyo, to na riga ka faɗa. Aji uku zan shiga ran Litinin, kuma Haladu aka rubuta a rajista. Sun mayar mini da takarduna duka.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka faɗi abin da zan yi maka, don Allah.

Ƙaninka, Haladu

Darki, 7 ga Oktoba

Haladu,

Madalla, Allah ya sanya albarka. Inna har da guɗa.

Abu ɗaya nake so. In za ka zo hutu, ka taho da takardar sakandaren nan mai sunana. Ba riƙewa zan yi ba, taka ce. So nake kawai in duba da idona, in ga nawa na ci a lissafi.

Sai ka zo.
Halliru