Katunan Cingam Sun Rabu

Daren Laraba, Kuala Lumpur

Sun rabu! Katunan 'yan ƙwallona duk sun rabu, ɗaya ne kawai ya ɗan yage a gefe. Alhamdu lillahi.

Tun ina dako a Kantin Kwari muke tara su ni da abokina Ɗanlami, irin waɗanda ake samu a cikin cingam. Tunda ya rasu ban ƙara buɗe gwangwanin da suke ciki ba. Na taho da shi don in nuna wa jikoki, sai damshin garin nan ya manne katunan wuri guda. Yau Maryam, matar ɗana Sani, ta kara su a tururin tukunya tana ɓamɓarewa a hankali, tana cewa, "Baba, don Allah ka daina leƙe."

Da muka zo jera su a albam ɗin da na sayo a kasuwar Chow Kit, Hanifa jikata ta ce da irin maganar 'yan garin nan, "Kaka, a bi haruffan sunayensu lah." Na ce, "Amarya, ni da launin riga na san su." A lokacin ba mu iya karatu ba, mu muka raɗa musu suna: Dogo, Mai Saje, Gwanin Hagu. Yau na juya bayansu na karanta sunayensu na gaskiya, albarkacin makarantar dare. Amma namu na rubuta a ƙarƙashin kowanne, da hannuna.

Na ce wa Sani ya shaida wa mutanenmu a masallaci ranar Juma'a. Kowa ya zo ya gani, har yara, amma a wanke hannu.