Bunsurun da Ya Zama Surukina

Zuwa ga Yaya Filina a Taras,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar?

Yaya, mijina Kiliton ya faɗa hannun masu falsafar nan na Kuroton, masu fararen riguna. Sun ce masa jiki kurkuku ne, rai kuwa in ya fita sai ya shiga jikin wata dabba. Nama ya haramta a gidana, har wake! Mutumin da ke lashe tukunya, yanzu sha'ir da ganye yake ci yana hamma.

Babbar damuwata bunsurun da na kiwata don bikin ɗanmu Nikon. Jiya ya yi kuka, Kiliton ya yar da fartanya ya rungume shi yana hawaye, wai muryar marigayi babansa ce. Ya rantse ba mai yanka shi. Dangin amarya na tafe, me zan ba su? Zaitun?

Ƙanwarki,
Melita

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na daina musu. Na ce tunda Baba ya dawo, ai shi ne maigida. Na yi masa shimfiɗa a gadon Kiliton, shi kuma yana kwana a ƙasa cikin wari.

Duk abin da nake so, sai in durƙusa in nemi izini. "Baba, in tafi bikin allahiya Hera?" Ya ce, "Mee." Kiliton ya buɗe baki, na ce, "Au, da mahaifinka za ka ja?"

Baba ya cinye farar rigar Kiliton. Malamin masu falsafar ya zo gaishe shi, Baba ya tunkuyi bawan alloli har cikin kwatami.

Taki,
Melita

Yaya Filina,

Da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Biki ya yi kyau, kowa ya ci nama ya ƙoshi.

Ana jibi biki Kiliton ya same ni, ido ya yi zuru-zuru. Ya ce, "Melita, na sake saurara da kyau. Ba Baba ba ne. Kawu Dorkon ne, wanda ya ƙwace mana gonar inabi." Da kansa ya wasa wuƙa, wai fitar da rai daga kurkuku zumunci ne. Cinya guda ya tashi da ita.

Yanzu kullum yana bin ƙatuwar kazata yana kasa kunne. Wai tana masa kama da matar Kawun.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Melita